Amsoshin Tambayoyinku: Yaya aka tsara Ras Laffan, kuma me ya sa ake ta faɗaɗa tasharta?

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai karatun tsara birane a Zariya. Duk lokacin da aka taɓo maganar iskar gas sai na ji an ambaci Ras Laffan ta ƙasar Katar, ana cewa tashar jiragen ruwanta ba ta da na biyu wajen fitar da gas, kuma har yanzu ƙara mata ake yi. Shin tun farko haka aka tsara ta, ko kuwa dai kuɗi ne ya yi musu yawa suke ta gine-gine? Sannan me ya haɗa sarrafa gas da faɗin tashar jiragen ruwa, tunda a sanina gas ta bututu yake tafiya? A ƙarshe, mu ma Allah ya ba mu gas, me ya hana mu yin irin nasu?

Amsa: Malam, tambayoyi uku ka haɗa a takarda ɗaya. Zan fara da ta tsakiya, domin in aka gane ta sauran biyun sun zo da sauƙi.

Gaskiyarka, gas ta bututu yake tafiya, amma fa sai in mai sayen maƙwabci ne. Katar ma tana da irin wannan ciniki: bututun Dolphin, mai tsawon kilomita 364 a ƙarƙashin teku, tun 2007 yake ɗaukar gas daga Ras Laffan zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. To amma manyan masu sayen gas ɗin Katar suna Jafan da Koriya ta Kudu da Sin da Indiya da Turai, kuma babu mai shimfiɗa bututu daga Tekun Fasha zuwa Tokyo. Abin da ake yi shi ne a tace gas ɗin, a sanyaya shi har ya kai kimanin digiri 162 ƙasa da sifili. A wannan sanyi yakan koma ruwa, ya tsuke har ninki 600, sai a zuba shi a jirgin ruwa na musamman. In ya isa can a ɗumama shi ya koma iska.

A nan tasha ta shigo. Masana'antar da ke wannan aiki ba ta san dare ko rana ba, ba ta san Juma'a ko sallah ba, kuma kashe ta da sake tayar da ita asara ce babba. Tankunan ajiya kuwa duk girmansu aikin 'yan kwanaki kawai suke iya ɗauka. In jirgi ya makara, ko ya iso ya tarar da wani a matsayarsa, tanki zai cika. In tanki ya cika dole a rage aiki a masana'anta, in aka rage a masana'anta dole a rage a rijiyoyin da ke can cikin teku. Saboda haka yawan gas ɗin da ƙasa za ta iya sayarwa ba ya wuce yawan jiragen da tasharta za ta iya karɓa ta sallama.

Ga ɗan lissafi da za ka iya yi da kanka. A ƙarshen 2010 Katar ta kai ƙarfin fitar da tan miliyan 77 na ruwan gas a shekara. In ka ƙaddara kowane jirgi yana ɗaukar tan dubu 80, wasu sun fi haka wasu ba su kai ba, za ka samu jirage kusan dubu a shekara, wato wajen uku kowace rana. Wannan na ruwan gas kaɗai ke nan. Gas ɗin da ke fitowa daga rijiya ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai wani siririn mai da ke biyo shi, akwai gas irin na girki, akwai farar wuta da ake cirewa a tara ta tsibi-tsibi, akwai hiliyom, wanda asibitoci ke buƙata don injinan ɗaukar hoton cikin jiki, kuma Katar na cikin manyan masu samar da shi a duniya. Kusan kowanne da irin jirginsa da irin matsayarsa. Ƙara da jiragen da ke kai kaya da ma'aikata rijiyoyin teku, da masu kawo manyan injina lokacin gini.

Yanzu tambayarka ta farko. Lokacin da aka zana Ras Laffan Katar ba ta da kuɗin da ake ba ta labari yau. Kamfanin Shell ne ya gano filin gas ɗin da ake kira Filin Arewa a 1971, yana neman ɗanyen mai, kuma ba a yi wata murna ba, domin a lokacin gas ɗin da ke nesa da kasuwa kaya ne da ba shi da mai saye. Daga baya aka gane girmansa: fiye da kubik ƙafa tiriliyan 900, a shimfiɗe ƙarƙashin teku, ɗaya ɓangaren yana hannun Iran, inda suke kiransa Fars ta Kudu. An kafa kamfanin Qatargas a 1984, amma shekaru suka yi ta wucewa ba a aza ko tubali ba. A 1992 kamfanin BP ya janye daga shirin, yana ganin ribar ba ta kai wahalar ba, Mobil ta maye gurbinsa. A wannan shekarar ce kuma kamfanin wutar lantarki na Chubu da ke Jafan ya sa hannu zai riƙa sayen tan miliyan 4 duk shekara har shekara 25. Da wannan takarda aka je wa bankuna. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwan cikin Katar a lokacin alkawarin Jafanawa ne da bashin da ta ciyo a kansa. A shekarun 1990, farashin mai yana ƙasa, ƙaramar ƙasar ta ɗora wa kanta bashin da mutane da yawa suka ɗauka ganganci ne. Abdullahi bin Hamad al-Attiyah, wanda ya riƙe ma'aikatar makamashi daga 1992 zuwa 2011, da Sarki Hamad bin Khalifa, wanda ya hau mulki a 1995, su suka tsaya kai da fata a kan shirin. Jirgin farko ya isa Jafan a watan Janairu 1997.

Katar ta riga ta mallaki garin masana'antu da tasha a Mesaieed, kudu da Doha, inda ta fara fitar da ɗanyen mai tun 1949. Abu mafi sauƙi shi ne a lafta sabon aikin a can. Ba a yi haka ba. Aka zaɓi wani tsinin ƙasa a arewa maso gabas, kimanin kilomita 80 daga Doha, wurin da ba komai sai rairayi da duwatsu da masunta jefi-jefi. Dalili biyu ne a fili. Shi ya fi kusa da rijiyoyin, don haka bututun teku zai gajarta. Sannan babu gari a kusa da zai takura shi. Gwamnati ta shata fili mai faɗin gaske ta killace, fiye da abin da masana'antar farko ke buƙata nesa ba kusa ba, daga baya ma ta ƙara har ya kai kimanin murabba'in kilomita 295.

Kai da kake karatun tsara birane, nan ne ya kamata ka tsaya ka duba da kyau, domin a ganina nan asirin yake, ba a yawan gas ba. Ka san dattijon da ke gina gida yana da 'ya'ya maza ƙanana. Ba ya cike filin da ɗakuna. Yakan gina sashensa a gefe ɗaya, ya ja katanga ta kewaye duka, ya sa zaure inda kowa zai iya bi, ya haƙa rijiya a tsakiya, ya bar sauran fili fayau. Maƙwabta na iya cewa ɓarnar fili ce. Ran da yaran suka isa aure kowa ya tayar da sashensa ba tare da an rushe na wani ba. Haka aka yi a Ras Laffan. An ware manyan filaye an bar su babu komai don masana'antun da ko sunansu ba a sani ba tukuna. An bar faffaɗan layuka tsakaninsu don bututu da wayoyin wuta da hanyoyi, yadda sabon mai zuwa zai kai kayansa bakin teku ba tare da ya ratsa ta harabar wani ba. Abubuwan da kowa ke buƙata kuma aka yi su na tarayya: tasha ɗaya, tsarin janyo ruwan teku don sanyaya injina guda ɗaya, tashoshin wuta da na tace ruwan sha, 'yan kwana-kwana, tsaro, duk a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta kamfanin man ƙasar, wanda tun 2021 ake kira QatarEnergy. Mai zuba jari ba ya zuwa ya fara neman inda zai samo ruwa ko wanda zai biya diyyar fili. Shi ya sa Shell ta iya dasa katafariyar masana'antar Pearl, mai mayar da gas ya zama dizal da man jirgi da man injin, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga dubu 140 a rana, a cikin garin da aka zana tun kafin a yi tunaninta. Haka masana'antar Oryx ta haɗin gwiwa da Sasol ta Afirka ta Kudu, haka matatun Laffan biyu na 2009 da 2016.

Sai dai fili a tudu ya fi sauƙin tanadi a kan fili a ruwa. Gaɓar Katar ba ta da zurfi, ƙasan tekun dutsen farar ƙasa ne mai tauri, ga kuma iskar arewa da Larabawan yankin ke kira shamal, mai tayar da igiyar ruwa. Babu wata tasha da Allah ya ajiye a wurin, da hannu aka yi ta. Ta farko, wadda aka buɗe a 1996, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 8.5 ne, kuma a lokacin an ga kamar ta isa har da saura. Ba a yi shekara goma ba ta yi kaɗan. A farkon shekarun 2000 Katar ta yanke shawarar gina manyan layukan sarrafa gas guda 6, kowanne mai fitar da tan miliyan 7.8 a shekara, girman da ba a taɓa yi ba a ko'ina. Sai aka ba kamfanonin Boskalis na Holan da Jan De Nul na Beljiyam kwangilar kusan dala biliyan 2 su faɗaɗa tashar. Suka yashe hanyoyin jirage da injinan da ke nika dutse a ƙarƙashin ruwa suna zuƙe shi, suka cike wasu wurare suka mayar da teku tudu, suka jera katangar duwatsu mai tare igiyar ruwa wadda tsawonta ya haura kilomita 20. Tashar ta tashi daga 8.5 zuwa murabba'in kilomita 56.

Abin lura shi ne ba daidai buƙatar ranar aka yi katangar ba. An kewaye ruwa mai yawa aka bar shi kwance, don irin wannan aiki ba a son maimaita shi. Matsayar jirgi ana iya ƙara ta cikin shekara biyu ko uku. Amma ɗaga katangar teku a matsar da ita gaba, alhali jirage masu ɗauke da gas suna shiga suna fita, wannan tashin hankali ne da tsada. A cikin ruwan da aka kewaye ɗin ne aka samu wurin gina ma'aikatar gyaran jirage ta kamfanin Nakilat, wadda aka buɗe a 2010.

Jiragen ma da tashar aka auna su. Mafi girmansu, waɗanda ake kira Q-Max, tsawonsu mita 345, sun fi filin ƙwallo uku a jere, kuma kowanne yana ɗaukar kubik mita dubu 266. An ƙera su ne daidai iyakar abin da matsayun Ras Laffan za su iya karɓa. Guda 14 aka yi a Koriya ta Kudu, na farkonsu mai suna Mozah ya fito a 2008, sai ƙannensu Q-Flex guda 31. Irin wannan jirgi ba ya shiga tasha da kansa. Tun daga waje wani gwanin matuƙi na tashar yake hawa ya karɓi jagoranci, ƙananan jirage masu ƙarfi su kama shi gaba da baya, su juya shi a hankali su jingina shi. Sai a ɗaure, a sauko da wasu dogayen hannuwan ƙarfe a haɗa da bakin tankunansa. Ba a sakin ruwan gas gaba ɗaya, sai an fara sanyaya bututun kaɗan-kaɗan don kada ƙarfe ya tsage. Cikin ɗan lokaci za ka ga ƙanƙara ta yi fari fat a jikin hannuwan, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Lodin yakan ci kusan yini. A da, gas ɗin da ke tururi yayin lodi ƙone shi ake yi a iska. A 2014 aka kammala wani aiki na kimanin dala biliyan 1 da ke tattara shi daga matsayun ya mayar da shi masana'anta. Wannan ma bai yiwu ba sai don akwai wurin da aka bari na shimfiɗa ƙarin bututu.

Kada ka ɗauka duk abin da suka hango ya zo daidai. Manyan layukan nan da manyan jiragen, kasuwar Amurka da ta Birtaniya aka yi wa su. Har tashar sauke gas Katar da ExxonMobil suka gina a Texas, mai suna Golden Pass. Kafin a gama, Amurkawa sun gano dabarar fasa dutse su fitar da nasu gas ɗin, suka daina buƙatar na Katar. Kasuwar da aka kashe biliyoyi dominta ta ɓace. Abin da ya cece su shi ne jirgi ba bututu ba ne, ana iya juya akalarsa. Bayan bala'in Fukushima a 2011 Jafan ta rufe tashoshin nukiliyarta ta koma neman gas ido rufe, Sin ma buƙatarta ta yi ta hauhawa. Ita kuwa Golden Pass, a 2019 aka yanke shawarar mayar da ita tashar fitar da gas ɗin Amurka.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne Katar ta taɓa taka wa kanta burki. A 2005, ana tsakiyar cin kasuwa, ta dakatar da amincewa da duk wani sabon aiki a Filin Arewa, don a nazarci yadda ɗiba da sauri ke shafar rijiyoyin. Dakatarwar ta kai shekara 12, sai a watan Afrilu 2017 aka ɗage ta. Daga baya Ostareliya ta kamo ta, Amurka kuma ta wuce ta a 2023. Akwai masu ganin an yi jinkirin da ya wuce kima, kuma suna da hujja. Ni dai ina ganin gwamnatin da za ta iya ce wa kuɗi dakata har shekara 12 ta fahimci abin da ake nufi da dogon shiri fiye da wadda ke ƙaddamar da sabon aiki duk shekara.

Faɗaɗawar da kake ji yanzu daga nan ta taso. A watan Fabrairu 2021 aka sa hannu kan kashi na farko, na dala biliyan 28.75, layuka 4 da za su ɗaga ƙarfin daga tan miliyan 77 zuwa 110. Kashi na biyu zai kai shi 126. A watan Fabrairu 2024 ministan makamashi Sa'ad al-Ka'abi ya sanar da na uku, da burin kaiwa 142 zuwa 2030. Koma kan lissafinmu na ɗazu: jirage uku a rana za su koma wajen biyar. Don haka ake ƙara tankuna da sababbin matsayu, aka kuma ba da odar sababbin jirage 128 a Koriya ta Kudu da Sin. Kamar yadda aka yi da Chubu, an nemi masu saye tun kafin a gama gini. Sinopec ta Sin, alal misali, ta ɗaure kanta da yarjejeniyar shekara 27 a watan Nuwamba 2022.

Akwai abin da zane ba ya magani. Duk jirgin da ya bar Ras Laffan zuwa manyan kasuwanninta dole ya bi ta Mashigin Hormuz, babu wata ƙofa. Tara komai a wuri ɗaya ya rage tsada ƙwarai, amma ya sa arzikin ƙasa gaba ɗaya ya dogara da 'yan kilomitocin gaɓa guda, a yankin da rikici ba ya nisa. Ko a farkon 2024, da hare-hare suka tsananta a Bahar Maliya, sai da jiragen Katar masu zuwa Turai suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Sannan akwai mutanen da ke zuba kankaren. Dubun-dubatar baƙin ma'aikata ne daga Indiya da Nefal da Bangaladash da Filifin da ƙasashen Afirka, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi sun daɗe suna kuka kan albashi da masauki da aiki cikin zafi a Katar. Sai a 2021 mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 ya fara aiki, aka kuma tsawaita hana aiki a rana, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Mai tsara gari da ya ware wa bututu wuri ya manta da inda lebura zai kwana bai gama aikinsa ba.

Tambayarka ta ƙarshe. Ba a ce ba mu yi komai ba. Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny a Jihar Ribas ya fitar da jirginsa na farko a watan Oktoba 1999, ƙasa da shekara uku bayan na Katar. Yana da layuka 6 masu ƙarfin tan miliyan 22, kuma a watan Disamba 2019 aka amince da na bakwai da zai kai shi 30. Amma kwatancin yana da iyaka. Gas ɗin Katar fili ɗaya ne, a teku, a hannun mai shi ɗaya. Namu, wanda ya haura kubik ƙafa tiriliyan 200, a warwatse yake a filaye da yawa, a hannun kamfanoni daban-daban, bututunsa na ratsa garuruwa da fadamu inda ake fasa su, har Bonny kan rasa isasshen gas ɗin da za ta sarrafa. Ayyukan sarrafa gas na Brass da Olokola kuwa an yi ta shelarsu shekara da shekaru ba su tashi daga takarda ba. Kuma Katar mutanenta duka, da baƙi da 'yan ƙasa, wajen miliyan 3 ne, mu mun haura miliyan 200. Ƙasa irin tamu, kai gas ɗinta ga tashoshin wuta da masana'antun taki na cikin gida ya fi mata gaggawa a kan loda shi a jirgi. Aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar a 2020, don haka aka yi shi.

Abin da za a iya ɗauka daga Ras Laffan ba ya buƙatar teku. In bututun ya iso Kaduna da Kano, ina filin da aka killace wa masana'antun da za su sha gas ɗin? Ina layin da aka bari don reshen bututu da wayar wuta da titin tirela? Wace hukuma ce za ta hana a yanka wurin a sayar filoti-filoti da zarar gwamnati ta canja? Waɗannan tambayoyin na masu irin karatunka ne, kuma yanzu ne lokacin yinsu, kafin gidaje su cinye wuraren.

Shawarata gare ka, buɗe Google Earth a kwamfuta, ka nemo Ras Laffan, ka yi amfani da wurin da ke nuna tsofaffin hotuna ka ja shekarun baya. Kada ka tsaya kallon tankuna da hasumiyoyi. Dubi filayen da ke fayau a hotunan farko, ka bi su shekara bayan shekara ka ga abin da ya zauna a kowanne, sannan ka auna faɗin layukan da aka bari tsakaninsu. In ka gama, yi wa unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Kakuri irin wannan awo, ka kai wa malaminka sakamakon. Allah ya ba da sa'ar karatu.